Alƙalami Ba Ya Kaifi Sai Da Karatu

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akara, da Hausa ake ciniki, amma ba a koyar da ita a makarantun gwamnatin Gana. Shi ya sa matasanmu masu rubuta wasannin rediyo ke fama da ƙarancin kalmomi.

Alhaji Umaru Karaci, Bakanon da ya biyo fataken goro zuwa Salaga, ya rasu a 1934, ya sha karatun waƙoƙin Larabawa, har ya mayar da na Imru'ul Ƙaisi Hausa. Can alƙalaminsa ya samo kaifi.

Saboda haka muna roƙon 'yan kasuwa masu ratsa iyakar Aflawo: in kun saro kaya a Kano, ku haɗo mana da littattafai irin su Magana Jari Ce. Akwai masu saye a Zango.