Fayint Ɗaya Giram Nawa Ne? Bayani Kan Awon Cika da Awon Nauyi

A kasuwannin Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola da ke kusa da Jalingo a Jihar Taraba, da mudu da kwalba da galan ake awon hatsi da mai da zuma. Sai dai manyan masu saye daga birane kan yi ciniki da kilo, wasu takardun oda da littattafan girki na ƙetare kuma da fayint. Wanda bai san yadda ake juya wannan awo zuwa wancan ba yana iya tafka asara.

Abu na farko shi ne fayint awon cika ne, wato yawan wurin da abu ya ɗauka a mazubi, giram kuwa awon nauyi ne. Saboda haka babu adadi guda da ya dace da kowane kaya.

Na biyu, fayint iri biyu ne. Na Ingila, wanda dokar awo ta 1824 ta tsayar, mililita 568 ne. Amurka kuwa ta ci gaba da tsohon awonta, inda fayint na ruwa yake mililita 473. A duka ƙasashen fayint takwas ne galan ɗaya, shi ya sa galan na Ingila ya kai lita 4.55, na Amurka kuma lita 3.79. Nijeriya ta gaji awon Ingila tun zamanin mulkin mallaka, kafin ta koma tsarin mita da lita da kilo a shekarun 1970.

Hanyar lissafin ita ce a ninka mililitar fayint da nauyin mililita ɗaya na kayan. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, don haka fayint na Ingila giram 568 ne. Na madarar shanu kimanin giram 1.03 ne, fayint ya zama 585. Man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, yana wajen 0.91, abin da ke ba da kusan giram 517. Zuma kuwa tana da kimanin 1.42, fayint ɗinta ya haura giram 800. In da na Amurka aka auna, ruwa giram 473 ne, madara 487, zuma kusan 670. Mai son komawa daga giram zuwa fayint sai ya raba maimakon ninkawa.

Bambancin ba ƙarami ba ne a ciniki. Idan mai zuma ya karɓi odar fayint 100, ya auna da na Ingila alhali mai saye na Amurka yake nufi, ya ba da gyaran da ya wuce kilo 13 ba da saninsa ba.

Lamarin hatsi ya fi wuya, domin nauyin mudun masara ko shinkafa yana sauyawa gwargwadon danshi, girman ƙwaya da irin tozon da mai awo ya yi. A nan sikeli ne kawai ke raba gardama.

Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne ke da alhakin tantance sikelin 'yan kasuwa. Amma kafin a ƙulla ciniki, wajibi ne mai saye da mai sayarwa su fayyace wane fayint ake nufi da kuma kayan da za a auna.