Karen gadi a Kafanchan: Horon lada ya fi na bulala

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da dama 'yan asalin kudancin Kaduna suna kwana a Abuja, iyalansu kuwa suna Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa. Tunda maigida ba ya nan sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata, akan sayi kwikwiyo a bar wa gida domin gadi. A gidaje da yawa ana ɗaure shi da sarƙa wuni guda, a hana shi ganin baƙi, a riƙa dukansa domin ya yi zafi. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne kare matsoraci, wanda ba ya bambanta ɓarawo da yaron maƙwabta.

Cizon kare kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Matsalar takan fara ne da tashen balaga, tsakanin wata 6 zuwa shekara guda da rabi. Kwikwiyon da ke amsa kira jiya sai ya toshe kunne, ya yi ta haushi, ya yi ta fizgar sarƙa. A 2020, masu bincike daga jami'o'in Newcastle da Nottingham da Edinburgh a Birtaniya sun gano cewa karnuka 'yan wata 8 sun fi ƙin bin umarnin mai kula da su fiye da lokacin da suke wata 5, sannan halin yakan lafa idan sun kai wata 12. Taurin kan ya fi tsanani ga waɗanda shaƙuwarsu da mai kula da su ba ta yi ƙarfi ba. Ke nan abin mai wucewa ne, sai dai a daidai wannan lokaci ne masu gida ke ɗaukar bulala.

Duka na iya sa kare ya yi shiru, amma ba ya cire masa tsoro. Wani bincike na Jami'ar Porto a Fotugal, shi ma a 2020, ya duba karnuka 92 daga makarantun horo 7, ya ga waɗanda ake hora da tsawa da fizgar wuya sun fi nuna alamun damuwa. Gurnani gargaɗi ne. Karen da aka daka saboda gurnani yakan daina gargaɗin, ya koma cizo ba zato.

Horon lada bai buƙatar tsada. Ana ware wani kaso na abincin karen na yini, ko 'yan gutsattsarin nama da busasshen kifi, a riƙa ba shi nan take duk lokacin da ya yi abin da ake so: ya zauna, ya amsa kira, ko ya yi shiru bayan ya sanar da zuwan baƙo. Minti 5 sau biyu ko uku a rana sun isa. Idan babur ko baƙo ne ke tayar masa da hankali, sai a tsaya da shi nesa, inda zai hango abin ba tare da ya firgita ba, a ba shi lada, sannan a riƙa matsowa sannu a hankali cikin makonni. In ya ƙi karɓar abinci, an matso da yawa, sai a ja da baya. Mafarautan yankin sun daɗe da sanin wannan, domin karen farauta yana bin ubangidansa ne saboda yawo tare da kuma kason da yake samu.

Ga ma'aikacin da ke Abuja, sharaɗin shi ne horon ya kasance a hannun wanda ke ciyar da karen kullum, kuma kowa a gidan ya riƙa amfani da kalmomi iri ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kwikwiyo ya fi saurin sabawa da yara da baƙi da ƙarar ababen hawa kafin ya wuce wata 3.

Watan Disamba ne gwaji mafi girma, lokacin da gidaje ke cika da 'yan hutun Kirsimeti, har zuwa bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu da gangunansa da ƙahonninsa. Ya kamata kare mai fargaba ya sami keɓaɓɓen wuri mai inuwa da ruwa, a kuma hana yara zuwa kusa da shi idan yana cin abinci.

Horo dai ba ya maye gurbin allura. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a maƙwabciyar Jihar Filato, tana samar da allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi tun kwikwiyo na wata 3, a sabunta duk shekara. In kuwa an ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.