Ina Naira Dubu Ɗaya Ta Shiga?

Ga wata tambaya da za ta iya hana majalisa tashi a Shinkafi ranar kasuwa. Mutum 3 suka haɗa kuɗi, kowa N10,000, suka damƙa wa dillali N30,000 ya sayo musu hatsi. Mai hatsi ya sallama a N25,000. Dillali ya soke N2,000 a aljihu, ya mayar wa kowa N1,000. Ke nan kowa ya biya N9,000, su uku N27,000. A haɗa da N2,000 ta dillali, an sami N29,000. To, ina dubu ɗaya?

Babu inda ta je. Kuɗin dillali tun farko suna cikin N27,000 ɗin: 25 na mai hatsi, 2 nasa. Abin da ya kamata a ɗora shi ne N3,000 da aka mayar. Duk ƙidayar da aka yi daidai take. Wurin ƙidaya kuɗin dillali sau biyu aka yi mana sakiyar da ba ruwa.

Ɗalibin sakandare a Zurmi, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, zai gamu da irinta cikin haruffa. A ce a = b. A ninka kowane ɓangare da a, a cire b², sai a sami a² − b² = ab − b². Wannan daidai yake da (a+b)(a−b) = b(a−b). A raba duka da (a−b), saura a+b = b. Tunda a da b ɗaya ne, 2b = b, wato 2 = 1!

Mafi yawan ɗalibai sukan tsaya zargin layin da ya fi tsawo, alhali ɓarawon yana inda ido ya saba. Maganinsa, a cire haruffan a sa lamba, a bi layi-layi. Mu ce a da b duk 5 ne. Layin farko 0 = 0. Na biyu 10×0 = 5×0, nan ma babu ƙarya. Na uku kuwa 10 = 5. An kama shi: (a−b) sifiri ne, raba lamba da sifiri kuwa ba ya halatta a lissafi. Ni a ganina, malamin da ya bar aji ya yi wannan farautar da kansa ya fi wanda ya ba da haddar doka amfani.

Kada kuma a ɗauka yara kaɗai ke faɗawa. Dubi taswirar ƙananan hukumomi 14 na Zamfara: Zurmi ta yi iyaka da Shinkafi da Ƙaura Namoda, don haka in za a shafa wa taswirar launi, ba za ta sha launi ɗaya da su ba. Shin launi 4 sun ishi kowace taswira a haka? A 1879 wani lauya a Ingila, Alfred Kempe, ya wallafa hujjar cewa sun isa, masana suka yi na'am. Shekara 11 ana tafiya a kai, sai a 1890 Percy Heawood ya zano taswirar da dabarar Kempe ta cije a kanta. Amsar Kempe gaskiya ce, hujjarsa ce ke da rami. Daga ɓurɓushinta Heawood ya tabbatar da cewa launi 5 sun isa. Na 4 kuwa sai a 1976 Kenneth Appel da Wolfgang Haken suka tabbatar a Jami'ar Illinois ta Amurka, su ma sai da taimakon kwamfuta.