Ƙananan motocin ado: yadda fenti ke mayar da roba tamkar ƙarfe

Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Heller na Faransa suna sayar da ƙananan motoci na roba a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da kansa. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 1/24, wato motar da tsawonta ya kai mita 4,8 sai ta koma santimita 20. Haɗawar ba ta cika wuya ba. Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne wajen fentin sassan da ya kamata su yi kama da ƙarfe, kamar bamba, inji da salansa.

Sirrin yana ga abin da ke ƙarƙashin fentin. Kurom madubi ne, duk wani ƙarce da ke jikin robar zai fito fili. Shi ya sa ake fara goge sashen har ya yi sumul, sannan a fesa masa baƙin fenti mai sheƙi, a bar shi ya bushe sarai. Bayan haka ne ake fesa fentin kurom, irin na Alclad II, kaɗan-kaɗan da iska marar ƙarfi. Baƙin da ke ƙasa shi ke ba da zurfin ƙyalli. Idan fentin ya yi kauri, sai ya rufe baƙin, sashen ya koma launin toka, aikin kwanaki ya lalace.

Sassan da ke zuwa da kurom tun daga kamfani sukan yi ƙyalli fiye da kima. Masu wannan aiki kan jiƙa su cikin ruwan jabel har rufin ya narke, su wanke, su sake fenti.

Kowane ƙarfe kuma da kalarsa. Alminiyom fari ne mai ɗan dushewa. Ƙarfen inji duhu gare shi, ana samun kamarsa ta hanyar goga garin bakin fensir a kan baƙin fenti marar sheƙi. Salansa kuwa zafi ke canza mata launi: ƙarfe kan yi ruwan ɗorawa wajen digiri 230, ya koma shuɗi wajen digiri 300. Ana kwaikwayon wannan da fenti mai shara-shara, shuɗin a kusa da inji inda zafi ya fi yawa. Daga ƙarshe a zuba baƙin fenti mai ruwa-ruwa cikin lunguna, ya zama kamar dattin mai.

Ƙura babbar abokiyar gaba ce, musamman lokacin hunturu, don haka a kife kwano mai tsabta a kan sashen har ya bushe. Warin fentin yana cutar da huhu, sai a yi feshi inda iska ke ratsawa, a rufe hanci. Kada kuma a taɓa kurom da yatsa, domin sawun ba ya fita.