Ciwon Cikin Da Ke Tashi Da Yunwa, Asalinsa Da Maganinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan bayani ne bisa wani ciwo da ya addabi malamai da 'yan kasuwa da yawa, watau ciwon cikin nan mai tashi sa'ad da ciki ba kome, ya kwanta in an ci abinci.

Tun da can Hausawa sun san wahalar zama da yunwa, shi ya sa su ke kiran abincin safe karin kumallo. Kumallo kuwa shi ne ɗacin baki da tashin zuciya da mutum kan ji in ciki ya daɗe ba abinci. A dubi malami mai zaure. Ya idar da sallar asuba, almajirai sun kewaye shi da littattafai, wannan ya biya, wancan ya biya, har hantsi ya dubi ludayi ba abin da ya shiga bakinsa sai ɓarin goro. A dubi kuma ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Ikko zuwa Kano, ya kwana a mota, jiki ya yi tsami, ya sayi ƙwayar gajiya a tasha ya haɗiya da ruwa kawai. Mutanen nan biyu su kan haɗu a kan kuka ɗaya, wai ƙahon zuci na ƙuna kamar an sa garwashi.

Fasali na farko: yadda tumbi ke aiki

Allah ya halicci tumbin ɗan Adam yana tsatso wani ruwa mai tsananin tsami, kimanin lita 1 da rabi zuwa 2 kowace rana. Aikinsa shi ne narkar da abinci, tun ba nama ba, da kashe ƙwayoyin cutar da su ka shigo tare da shi. An ga aikin ruwan nan da ido a Amurka. A shekarar 1822 bindiga ta tashi ta sami wani saurayi ɗan ƙodagon fataucin fatu a ciki, ya warke amma kafar ba ta rufe ba. Likitan soja mai jiyyarsa, Wiliyam Bomon, ya riƙa ɗaure nama da zare yana zurawa ta kafar, bayan wani lokaci ya jawo ya duba yadda ya narke. A 1833 ya buga littafi a kan abin da ya gani.

To, tun da ruwan nan na narkar da nama, me ya hana shi cin tumbin kansa? Abin da ya hana shi ne wani yauƙi mai kauri da ke shafe da bangon tumbi kamar yaɓe, tare da wani sinadari dangin kanwa mai kashe kaifin tsami. Abinci ya kan yi sa'a 2 zuwa 4 a tumbi kafin ya wuce hanji. In ya wuce, sai tumbi ya riƙa murɗawa bayan kowace sa'a ɗaya da rabi ko biyu yana share kansa. Wannan shi ne ƙugin ciki na yunwa, kowane mai lafiya yana jinsa, ba cuta ba ne.

Fasali na biyu: kamannin ciwon

Cuta tana farawa ne sa'ad da yaɓen nan ya lalace, tsami ya isa ga tsokar da ke ƙarƙashi ya yi mata rauni. Raunin nan shi a ke kira gyambon ciki, mutanen birni su ce olsa. Wuri biyu ya fi fitowa: cikin tumbi, ko kuwa a farkon hanji, daidai inda tumbi ke zuba abin da ya narkar.

Gyambon farkon hanji shi ne mai ciwo da yunwa. A kan ji shi tsakanin ƙirji da cibiya, kamar ƙuna ko cizo, sa'a 2 ko 3 bayan cin abinci. Ya kan ta da mutum daga barci tsakanin tsakar dare da ƙarfe 3, ya lafa in an sha kunu ko fura. Ya kan yi makonni yana damun mai shi, sa'an nan ya ɓace wata da watanni, har a zaci an rabu, sai kuma ya komo. Gyambon tumbi kuwa sau da yawa abinci ne ke ta da shi, har mai shi ya riƙa tsoron akushi, ya rame.

Amma fa alamu kaɗai ba su isa a yanke hukunci ba. Da yawa masu irin wannan kuka in an leƙa cikinsu ba a samun gyambo, sai kumburin bangon tumbi kawai, ko ƙwannafi, watau tsami mai hawowa maƙogwaro. Tsakuwar maɗaciya da tsutsar ciki su ma su kan kawo ciwo a wurin nan. Akwai kuma mai gyambon da ba ya jin kome sai ranar da jini ya ɓalle, galibi tsofaffi.

Fasali na uku: asalin gyambo

Maganar da ta fi yawo a kasuwa ita ce yunwa ke kawo gyambo, wasu su ce barkono, wasu su ce yawan tunani. Likitoci ma sun daɗe a kan irin wannan zato. Tun zamanin Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, a ke rubutu bisa gyambon tumbi, amma ba a gane tushensa ba sai a 1982, sa'ad da likitoci biyu a ƙasar Ostireliya, Robin Waren da Bari Mashal, su ka tabbatar da wata ƙwayar cuta mai siffar murɗaɗɗen zare tana zaune cikin yauƙin tumbi. Sunanta Helikobakta. Abokan aikinsu ba su gaskata ba, domin an ɗauka ba mai rai da zai iya zama cikin tsami irin wannan. A 1984 Mashal ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa aka tarar tumbinsa ya kumbura, ya sha magani ya warke. A 2005 aka ba su biyun lambar Nobel.

Ƙwayar nan ta baki ta ke shiga, galibi tun ana yara, ta hanyar ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, da cunkoson mutane a gida ɗaya. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, kuma ta fi yawa a ƙasashen Afirka. Mafi yawansu ba ta yi musu kome, amma wajen mutum 1 cikin 10 ta kan kai shi ga gyambo. A 1994 sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya lissafta ta cikin abubuwan da ke haddasa sankarar tumbi.

Dalili na biyu shi ne ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su asfirin, ibufurofen da diklofenak. Waɗannan suna rage yauƙin da ke kare tumbi. Su ne a kan sa cikin haɗin nan na maganin gajiya da masu talla ke ƙullawa a leda, kuma su ne dattijai masu ciwon gwiwa da baya ke sha kullum ba da shawarar likita ba.

Taba tana hana gyambo warkewa, giya tana ƙona bangon tumbi. Goro da gahawa da shayi mai kauri suna ƙara zubar tsami. Barkono ba ya haifar da gyambo, sai dai ya kan yi wa wasu zafi kamar yadda gishiri ke yi wa miki. Ita ma yunwa haka ta ke. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cuta ko ƙwayar magani ce ke tsaga bangon. Abinci kan tsarma tsami ya rufe wurin, in ciki ya koma wayam sai tsami ya sauka kan raunin tsagwaronsa. Yunwa tana tona gyambon da ya riga ya kasance ke nan.

Fasali na huɗu: magani

Neman magani ba ya rushe tawakkali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya wallafa littattafai a kan ilmin magani, har da na ciwon basur. Abin da ya kamata shi ne a nemi maganin da ya dace da cutar.

Da yawa su kan jiƙa kanwa su sha, su yi gyatsa, su ji sauƙi. Gaskiya ne kanwa na kashe tsami, amma na ɗan lokaci ne, ba ta taɓa ƙwayar cutar. Tana kuma da sinadari irin na gishiri mai yawa, wanda ke cutar da mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko ƙoda. Madara da nono su kan sanyaya, bayan ɗan lokaci kuma su sa tumbi ya ƙara zubo da tsami. Zuma da nono abinci ne masu albarka, mai ciwo ya sha, amma kada su hana shi zuwa gwaji.

A asibiti ana gane ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi. In akwai bukata a kan zura siririn bututu mai fitila ta baki a ga gyambon ƙuru-ƙuru. Mai zuwa gwaji ya faɗa wa likita duk abin da ya ke sha, domin maganin rage tsami ya kan ɓoye ƙwayar in ba a dakatar da shi mako 2 kafin gwaji ba.

In an same ta, a kan haɗa maganin rage tsami, irin su omefirazol wanda ya fito a 1988, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, a sha kwana 10 zuwa 14. Omefirazol ana shansa kamar rabin sa'a kafin abinci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ji sauƙi a kwana na uku ya ajiye sauran. Ragowar ƙwayoyin sai su saba da maganin, su komo da taurin kai. Bayan an gama da mako 4 a sake gwaji a tabbata ta mutu. In ta mutu, da wuya gyambon ya komo.

Mai gyambo in jiki na ciwo ya nemi farasitamol, bisa ƙa'idar da aka rubuta, ya bar su ibufurofen. Wanda likita ya sa wa asfirin saboda zuciya kada ya bari da kansa, sai ya koma ya yi bayani. Malami ya sha koko ko ya taɓa ɗumame kafin ya zauna darasi, goro ya biyo baya. Matafiyi ya riƙe guzuri, ko da dabino da gurasa ne. A wanke hannu da sabulu kafin a sa a akushi, a kula da ruwan sha. Malamin tsangaya kuma ya lura da yaron da ke yawan dafe ƙahon zuci da dare, domin yaro amana ne, ba kuwa zai iya kai kansa asibiti ba.

Fasali na biyar: hukuncin azumi

Wanda gyambonsa ya warke galibi yana iya azumi lafiya, ya sha maganinsa rabin sa'a kafin sahur, ya jinkirta sahur ɗin kamar yadda sunna ta koyar, kada kuma ya cika ciki da soye-soye da tsami wurin buɗa-baki. Mai ɗanyen gyambo, ko wanda bai daɗe da zubar da jini ba, nasa dabam ne, domin doguwar yunwa na iya ta da ciwon. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, sun halatta wa majiyyaci ya sha in yana tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, sun kuma wajabta masa sha in yana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, sa'an nan ya rama in ya sami lafiya. Na nafila, irin na Litinin da Alhamis, ya fi sauƙin jinkirtawa. Mai hankali ya fara neman magani tun a farkon Rajab, domin mako 2 na shan magani da mako 4 na jira kafin sake gwaji za su cika kafin a ga watan Ramalan.

Fasali na shida: alamun da ba a kwana da su

Gyambo ya kan ci jijiyar jini, ya kan kuma huda hanji. Saboda haka a gaggauta kai mutum asibiti, ko da tsakar dare ne, in ya yi aman jini ko amai baƙi mai kama da dusar gahawa, ko bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta da wari mai tsanani, ko jiri ya ɗebe shi tafin hannunsa ya yi fari. Haka kuma in ciwo ya soke shi farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar allo, ba ya son ko a taɓa shi. Wannan alamar huda ce, aikin tiyata ta ke bukata, kowace sa'a aka ɓata tana ƙara haɗari. Kada a ba shi abinci ko jiƙo a hanya.

Wanda ya haura shekara 50 ciwon ya same shi sabo, ko mai ramewa ba dalili, ko mai wahalar haɗiya, ko mai amai ba ƙaƙƙautawa, ya nemi a leƙa cikinsa, domin sankara kan ɓuya bayan irin waɗannan alamu. In kuwa ƙunar ta zo da nauyin ƙirji da gumi, tana tafiya kafaɗa ko hannu ko muƙamuƙi, to wataƙila zuciya ce, ita ma ba ta jira.

Ɗan kasuwa ya san lissafi. Ya auna kuɗin gwaji da maganin mako 2 da kuɗin tiyata da neman jini da rufe rumfa wata guda, zai ga wanda ya fi araha. Malami kuma in ya kwanta, darasin almajirai ne ya tsaya. Lafiya uwar jiki.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Allah shi ne mafi sani. Tammat.