Marayun Birnin Gwari da Baƙin da ke Zuwa Aikin Sa-kai

Kalmar "sa-kai" tana cikin kalmomin da rashin tsaro ya sauya wa ma'ana a bakin Bahaushe. A asali, duk wanda ya ɗauki wani aiki bisa raɗin kansa, ba don an tilasta masa ko an yi masa alkawarin biya ba, shi ne ya sa kai. Amma idan yau aka ambaci ɗan sa-kai a Magajin Gari ko Kuyello ko Randagi cikin ƙasar Birnin Gwari, abin da zai zo wa mai sauraro a rai shi ne magidanci rataye da bindigar toka, yana kwanan zaune a bakin gari. Idan kuwa aka fassara kalmar ga mutumin Ingila ko Amurka, wani abu dabam zai hango: saurayi ko budurwa da aka tara wa kuɗi a coci, suka hau jirgi zuwa Afirka don su yi mako 2 ko wata guda suna hidima a gidan marayu na 'yan mishan. Abin da ya haɗa waɗannan mutane biyu shi ne maraya. Na farko yakan mutu ya bar shi, na biyu kuma yakan taho nemansa. Abin tambaya a nan shi ne, wane irin taimako ne yaron yake bukata, kuma a hannun wa ya kamata ya girma?

Mai karatu ba ya bukatar a ba shi labarin yadda marayu suka yawaita a wannan yanki. A watan Oktoba na 2012 an kashe fiye da mutum 20 a Dogon Dawa, yawancinsu masallatan da suka fito sallar asuba. A watan Mayu na 2018 an kashe aƙalla mutum 45 a Gwaska. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama, a mazaɓar Magajin Gari ta biyu, suka tafi da malamai 3. Sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe, to amma sulhu ba ya ta da wanda ke kabari. Yaran da aka kashe iyayensu a gona, ko a kan hanyar Kaduna, ko a rugagen da ke dajin Kamuku da Kuyambana, suna nan suna girma, kuma dole wani ya ɗauki nauyinsu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tsaya a kan ita kanta kalmar "maraya", domin a nan ne rashin fahimta ya fara. A Hausa, yaron da ya rasa uwa ko uba maraya ne, ko da ɗayan yana raye. A fiƙihu kuma, yatimi shi ne wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, shi ma haka yake ƙirga: a 2015 ya ƙiyasta marayu kusan miliyan 140 a duniya, amma kimanin miliyan 15 ne kaɗai daga cikinsu suka rasa uwa da uba duka. Sai dai shi mai ba da gudummawa a Turai, da ya ji an ce maraya, abin da yake fahimta shi ne yaron da ba shi da kowa a doron ƙasa. Saboda haka yake ganin babu wata mafita face a gina masa gida, a zuba masa gadaje, a kuma aika masa da baƙi su rungume shi. Alhali marayan Magajin Gari, a galibi, yana da uwa, yana da kawu da baffa da gwaggo da kaka. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne hatsi da kuɗin makaranta da na magani.

Wannan al'amari ba sabo ba ne a Arewa. A farkon mulkin Turawa, gwamnatin Lugga ta buɗe gidan renon yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi a Zungeru, hedikwatarta ta lokacin. A 1909 aka miƙa yaran ga ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission, wadda ta buɗe musu gida a Rumasha a bakin kogin Binuwai, aka raɗa wa gidan sunan Lucy, marigayiya matar Karl Kumm, jagoran ƙungiyar. Adalci ne a faɗa cewa waɗannan baƙi sun ceci rayuka, sun koyar da karatu da sana'a, kuma da yawa daga cikinsu sun ƙarar da ƙuruciyarsu a wannan hidima. Haka 'yan mishan na SIM suka riƙe zangunan kutare a Kano da Katsina da Sakkwato tun a shekarun 1930, suka kuma buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, wanda Hausawan ƙasashen biyu suka daɗe suna amfana da shi. Amma gaskiya ne kuma cewa yaran Rumasha sun tashi a cikin addinin masu renonsu, kuma tun daga wancan zamani ne zargi ya samu gindin zama a zukatan Musulmin Arewa, cewa gidan yara na mishan ƙofa ce ta raba yaro da addinin iyayensa.

Wannan zargi da wannan hidima sun sake yin karo a zamaninmu. A watan Oktoba na 2019 aka gano wasu yaran Kano da aka sace aka kai su Anaca, aka sauya musu suna da addini, lamarin da ya tayar da hankalin jama'a matuƙa. Bayan wata 2, ranar 25 ga Disamba, jami'an tsaro da na hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, suka dira gidan yara na Du Merci da ke Kano, wanda Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka kafa a 1996. An kwashe yara 19, sannan aka ƙara wasu 8 daga reshen gidan na Kaduna, aka kai su gidan marayu na gwamnati da ke Nasarawa. A 2021 babbar kotun jiha ta wanke Tarfa daga tuhumar satar yara, a 2022 aka same shi da laifin yin takardar rajista ta jabu, a 2023 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci. Kowane ɓangare ya yi ta kare matsayinsa a jarida da gidajen rediyo. Amma waɗanda suka fi kowa jin jiki su ne yaran, domin an raba su da inda suka saba, kuma da dama daga cikinsu sun shafe shekaru suna jiran manya su gama shari'a.

Idan muka ajiye batun addini a gefe na ɗan lokaci, za mu ga cewa shi kansa tsarin tara yara a gida guda ana yi musu renon karɓa-karɓa yana da illar da ilimi ya tabbatar. A Romaniya, daga shekarar 2000, masana sun bi diddigin yara 136 da ke gidajen marayu na birnin Bukares. An mayar da rabinsu hannun iyalai, aka bar rabi a inda suke. Waɗanda aka ba iyalai, musamman kafin su cika shekara 2, sun zarce sauran a kaifin hankali da iya magana da shaƙuwa da mutane. Ga mai nazarin harshe wannan ba abin mamaki ba ne. Yaro yana koyon magana ne a bayan mai goyonsa, daga bakin da yake ji kullum, wanda ya san ma'anar kukansa da gwarancinsa. To, yaya ke nan ga yaron da wata baƙuwa za ta zo ta shagwaɓa shi na kwana 14, ya fara kiranta inna, sai ya wayi gari ta koma ƙasarsu, wata kuma ta zo? Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Yaron da ya riga ya rasa uba, sai ga shi ana koya masa rabuwa duk wata.

Bugu da ƙari, inda duk kuɗi ke bin maraya, za a samu masu ƙirƙirar marayu. A watan Oktoba na 2007 aka kama wasu Faransawa 'yan ƙungiyar L'Arche de Zoé a garin Abeshe na ƙasar Cadi, suna shirin hawa jirgi da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne. Bincike ya nuna yawancinsu 'yan Cadi ne, kuma suna da iyaye ko dangi a raye. Wannan ƙungiya ba ta coci ba ce, abin da ke nuna cewa cutar ba ta wani addini guda ba ce. A 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an tsare wasu Amurkawa 10 'yan cocin Baftis da yara 33 a kan iyaka, su ma da yawansu iyayensu na raye. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa a 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani. Tun a 2009 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka ce talauci kaɗai bai isa hujjar raba yaro da iyayensa ba, kuma Ruwanda ta fara mayar da yaran gidajen marayunta hannun iyalai tun daga 2012.

Wani zai ce, ai babu Baturen da zai shiga dajin Birnin Gwari, tunda ƙasashensu sun sha gargaɗinsu game da tafiya Jihar Kaduna. Haka ne, kuma a nan haɗarin yake. Idan baƙo ba zai iya zuwa inda maraya yake ba, abin da zai biyo baya shi ne a ɗauki maraya a kai shi inda baƙo zai iya zuwa. Bazawarar da ke da 'ya'ya 6, gonar mijinta ta zama kufai, idan wani ya zo mata da alkawarin makaranta da abinci sau 3 a birni, da wane baki za ta ce a'a? Bayan shekara 10 yaron zai dawo, idan ma ya dawo, ba ya jin Gwaranci ko Kamukanci ko Fillancin da kakarsa ke yi, bai san iyakar gonar ubansa ba, bai san wa zai je wa neman aure ba. Wanda ya rasa harshen gidansu ya yi maraici na biyu.

Wani hanzari ba gudu ba, mu ma ba mu da bakin yin fariya. Muna da tsohuwar al'ada ta riƙo da tallafi, wadda ta sa a da ba a san yaron da ba shi da gida ba. Baba ta Karo, wadda aka buga labarin rayuwarta a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi renon 'ya'yan dangi har suka zama mutane. Musulunci kuma ya kwaɗaitar da ɗaukar nauyin maraya, ya hana a raba shi da sunan ubansa, ya yi kakkausan gargaɗi ga mai cin dukiyarsa. Amma kowa ya san 'yar riƙon da ke yawon talla alhali 'ya'yan gida suna makaranta, da baffan da ya haɗiye gonar marayu, da yaron da aka loda a mota aka kai birni almajirci ba don neman karatu ba sai don a rage bakin ci. Wanda ya ga laifin baƙon da ya tsallako teku don ya taimaki yaron da ba danginsa ba, sai ya fara tambayar kansa marayu nawa yake ciyarwa a unguwarsu. Zargi ba ya cika cikin yaro.

Mafita tana nan kusa da mu. A Maiduguri, Barista Zanna Mustapha ya buɗe makarantar marayu a 2007 da yara 36. Da rikici ya ɓarke, sai ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, har da na mayaƙan Boko Haram da na jami'an tsaro, ya kuma haɗa iyayensu mata a ƙungiya don su samu abin dogaro. Wannan aiki ne ya jawo masa lambar yabo ta Nansen a 2017. Birnin Gwari tana bukatar irin wannan, inda ɗan manomi da ɗan makiyayi da ɗan marigayi ɗan sa-kai za su zauna a aji ɗaya, domin marayan da aka yi watsi da shi yau a ruga ko a ƙauye, daji na nan yana jiransa.

Saboda haka, ga abin da nake ganin ya kamata. Na farko, masarautar Birnin Gwari da ƙaramar hukuma su sa dagatai da masu unguwanni su rubuta kowane maraya, da sunan wanda ke riƙonsa, da gadon da aka bar masa. Na biyu, zakka da waƙafi da baikon coci da gudummawar ƙasashen waje su bi yaro zuwa gidan da yake, a biya masa makaranta, a ba uwarsa jari. Na uku, Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018, sai a yi aiki da ita a kan kowa: duk gidan da ke ajiye yara, na coci ne ko na ƙungiyar Musulmi ko na gwamnati, ya yi rajista, a riƙa duba shi, ya kuma adana sunan yaro da garinsu da harshensa da addinin iyayensa. Na huɗu, baƙon da ke son taimako muna maraba da shi, amma ya zo da sana'ar da muke bukata, likita ne ko malami ko mai horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a, a binciki halinsa kafin ya kusanci yara, ya kuma bar ɗaukar hotunansu yana yaɗawa a intanet. Kuɗin jirginsa kaɗai zai iya riƙe gidaje da dama na tsawon watanni.

Sauran aiki kuma namu ne, mu 'yan boko da ke zaune a Kaduna da Zariya da Abuja muna karɓar albashi. Kusan kowannenmu yana da ƙauye, kuma a ƙauyen akwai bazawarar da ya sani da sunanta. Zumunta a ƙafa take. Idan muka ɗauki namu, babu wanda zai sami hujjar ɗauke mana su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya raya abin da suka bari, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.