Wa Ya Zuba Dalma a Lambunan Baltimore?

A shekarun 1970, likitocin yara a manyan biranen Amurka sun yi ta cin karo da abu guda: a gwada jinin yaro, sai a tarar da dalma. Guba ce mai aiki a ɓoye. Takan daƙushe kaifin ƙwaƙwalwa, ta hana yaro riƙe karatu, alhali a ido lafiyarsa ƙalau. Kowa kuma ya riga ya yanke hukunci cewa laifin fenti ne. Tsofaffin gidaje an shafe su da fenti mai dalma, yana ɓarewa, yara suna tsinta suna kaiwa baki. Zargin yana da tushe, amma bai ƙare zance ba.

Wani malamin jami'a mai suna Howard Mielke ya bi lambunan kayan miya sama da 400 a birnin Baltimore da kewayensa, yana ɗibar ƙasa yana aunawa. Da ya ɗora sakamakon a kan taswira, sai ga dalma ta taru a tsakiyar birni, tana raguwa yayin da ake nisa zuwa bayan gari. A nan lissafin ya rikice. Gidajen tsakiyar Baltimore yawancinsu na jan bulo ne, ba a shafa wa bangonsu fenti ba. Gidajen katako masu fenti sun fi yawa can waje, inda ƙasar ta fi tsabta. Da fenti kaɗai ne, da taswirar ta fito a juye. Ya wallafa wannan a 1983.

To, ko wani abu ne da ya keɓanta da Baltimore, gari mai masana'antu da tashar jiragen ruwa? Mielke ya sake gwajin a jihar Minnesota. Ƙananan garuruwa masu tsofaffin gidaje, da fentinsu da komai, ƙasarsu ba ta ɗauke da dalma mai yawa. Minneapolis da Saint Paul kuwa, sak Baltimore. Abin da ke tafiya tare da yawan dalma shi ne girman gari da cunkoson motoci.

Daga nan ido ya koma kan salansa. A 1921, Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa in aka zuba ɗan sinadarin dalma a fetur, inji yakan daina ƙwanƙwasa. An fara sayar da irin wannan fetur a 1923. Dalma ba ta ƙonewa. Mafi yawanta takan biyo hayaƙi ta fito a matsayin ƙura mai laushin gaske. Mai nauyin ta faɗi a gefen titi. Mai sauƙin iska ta kwashe ta, ta manne a bangon gidaje, ruwan sama ya wanko ta zuwa gindin bango. Shi ya sa gidan bulo marar fenti ke da dalma a ƙofarsa, daidai wurin da yaro mai rarrafe ke zama, yana dafa ƙasa yana tsotsar yatsa.

Da Amurka ta hana fetur mai dalma a motoci gaba ɗaya a 1996, an zaci magana ta mutu. Lallai dalmar jinin yara ta ragu ƙwarai. Amma wani abu ya ƙi tafiya: kowace shekara awon yakan hau a ƙarshen lokacin zafi, ya sauka da sanyi. Fentin bango bai san rani ko damina ba. Masu bincike a Detroit suka jera awon jinin yara da awon ƙurar iska wata bayan wata, sai ga su suna hawa tare, suna sauka tare. Dalma ba ta ruɓewa, kuma takan maƙale a saman ƙasa, ba ta nutsewa can ciki. In ƙasa ta bushe, iska da tayoyin mota su tashe ta, hayaƙin motar da ta wuce shekaru 40 baya ya sake shiga hancin jariri.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga Landan ta zo. Dalma iri huɗu ce ta fuskar nauyin ƙwayarta, kuma kowace mahaƙa da yadda nata haɗin yake, kamar yadda tsagar fuska ke faɗin garin mutum. Dalmar da aka zuba a fetur ɗin Ingila akasarinta daga Ostireliya aka haƙo ta, wurare irin su Broken Hill, kuma alamarta daban take da ta dalmar Ingila. A 2021, masana na Imperial College suka bayyana cewa har kashi 40 cikin 100 na dalmar da ke iskar Landan ragowar wancan fetur ne, shekara 20 da ɗoriya bayan hana shi.

Saura tambaya ɗaya. In motoci sun daina, me ya sa ake samun sabuwar dalma a wasu unguwanni? Amsar tana sama. Manyan jiragen fasinja kananzir suke sha, babu dalma a ciki. Ƙananan jirage masu injin fistan, irin na koyon tuƙi, har yau akasarin man da ake zuba musu da dalma yake. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce su ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na dalmar da ke shiga iskar ƙasar. A 2021 bincike ya nuna yaran da ke kusa da filin jirgin Reid-Hillview a San Jose sun fi na nesa dalma a jini, musamman na ɓangaren da iska ke kaɗawa. A Janairun 2022 hukumar yankin ta daina sayar da man a filin.

Mu ma mun sha fetur mai dalma shekara da shekaru. Sai a 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka amince a Dakar za su bar shi kafin ƙarshen 2005, kuma Aljeriya ce ta rufe ƙofa a duniya, a 2021. Mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, kuma maganin ya haɗa da kankare saman ƙasar gidaje a zuba sabuwa. Ta gefen titi ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma tana nan kwance inda aka bar ta, a tashoshin mota da tsofaffin titunan Kano da Kaduna da Yamai.

Mai lambu a bakin babban titi, ka ja fangalin latas da alayyafo baya, ka sa a wanke ganye sosai. Iyaye mata, a yayyafa ruwa kafin shara, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma, a wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Jami'o'inmu kuma su fara awon ƙasa daga filayen wasa na makarantun firamaren da ke bakin hanya.